Tsara Wikin Reshe: Kowane Fayil da Gurbinsa



Wiki dandali ne na intanet wanda jama'a ke rubutawa da gyarawa tare. Ward Cunningham ne ya fara gina shi a Amurka a 1995, kuma a kan wannan tsari aka kafa Wikipedia a 2001. Tun da reshenmu ya ƙudiri aniyar tara tsare-tsaren darussa, tambayoyin jarrabawa da bayanan tarurruka a wiki guda, wajibi ne mu daidaita kan tsari kafin a fara lodawa. Hausawa sun ce tun ran gini ake zane.

Na farko, a raba shafuka bisa aji, sannan darasi, sannan zango. Malamar da ke neman aikin rabawa na aji huɗu a zango na biyu ta san ƙofar da za ta bi ba tare da ta tambayi kowa ba. Sunan fayil ma ya bi wannan ƙa'ida, a sa shekara a farkonsa. Suna irin "sabon darasi" ba ya shaida wa kowa komai bayan wata shida.

Na biyu, mu fahimci abin da ke cikin sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da wikin. A manhajar MediaWiki, rubutun shafuka yana cikin rumbun bayanai, hotuna da takardun da aka loda kuma suna cikin wata jaka daban. Wanda ya kwafi ɗaya ya bar ɗaya, rabin aikin ya tsirar. Haka kuma kada a goge fayil kai tsaye daga sabar. A bi ta cikin wikin, domin kada shafi ya riƙa nuni zuwa ga abin da babu shi.

Na uku, mabuɗin shiga sabar kada ya tsaya a hannun mutum ɗaya. Ana yi wa malami canjin makaranta, ana yin ritaya, rai kuma na Allah ne. A naɗa mutum biyu, su riƙa ɗaukar cikakken kwafi duk ƙarshen zango, a ajiye shi a wani wuri daban. Sunayen ɗalibai da makinsu kuwa kada su hau shafin da kowa ke gani, domin amana ce.

Gumin shekaru ne za mu zuba a wurin nan. Mu tsara shi yadda sabon malami zai same shi a shirye ranar da ya kama aiki.

Allah Ya yi mana jagora.