Karen Da Bai Daina Zuwa Tasha Ba

 

Yau maganarmu a kan kare ce. Na sani wani zai ce, “Haba, a rasa abin da za a yi magana a kai sai kare?” Gaskiya ne, a wurinmu idan aka kira mutum kare an gama zaginsa. Amma ku yi mini haƙuri ku kasa kunne, gama labarin da zan ba ku ba tatsuniya ba ce. Ya faru ne a birnin Tokiyo na ƙasar Japan.

A shekara ta 1924 wani malamin jami'a mai suna Hidesaburo Ueno, wanda yake koyar da ilimin aikin gona, ya karɓi wani ɗan kwikwiyo da aka kawo masa daga yankin Akita a arewacin ƙasar. Ya sa masa suna Haci, wato takwas da harshensu. Daga baya mutane suka riƙa kiransa Haciko. Malamin ya ƙaunaci karen nan ƙwarai. Shi kuwa Haciko ya saba, kowace yamma yakan tafi tashar jirgin ƙasa ta Shibuya ya tsaya a bakin ƙofa, ya taryi maigidansa su koma gida tare.

Ran 21 ga watan Mayu, 1925, malamin ya fita aiki kamar kullum. Yana can a jami'a jini ya fashe masa a ƙwaƙwalwa, ya faɗi, ya rasu. Yana da shekara 53. Wa zai faɗa wa kare wannan labari? Da wane harshe?

Gidan ya watse. Aka kai Haciko hannun waɗansu mutane, bai zauna ba. A ƙarshe ya samu wurin kwana a gidan mutumin da yake kula da lambun malamin a da, ba nisa da tashar. Daga nan ya koma al'adarsa. Yamma ta yi, ya tashi ya tafi tasha, ya tsaya yana duban fuskokin masu saukowa. Jama'a su watse, shi ma ya koma. Kashegari ya sake zuwa. Da rani da damina, har da lokacin sanyin ƙasar nan da ƙanƙara take sauka. Haka ya yi ta yi har ran 8 ga watan Maris, 1935, sa'ad da aka iske gawarsa a wani titi na unguwar Shibuya.

To, bari mu yi lissafi tare. Zaman da Haciko ya yi da maigidansa bai kai shekara ɗaya da rabi ba. Jiran da ya yi masa kuwa ya kusa shekara 10. Wannan lissafi ne ya hana ni sakewa tun ranar da na fara jin labarin. Alherin 'yan watanni, amma dabbar ta riƙe shi har mutuwarta.

Kada kuma ku ɗauka mutane sun yi ta yaba masa tun farko. A'a. Shekaru da dama ma'aikatan tasha da masu sayar da kaya suna ganinsa kamar karen banza mai tare hanya. Ana korarsa, yara suna tsokanarsa. Sai a shekara ta 1932 wata babbar jarida, Asahi Shimbun, ta buga labarinsa. Nan da nan waɗanda suke korarsa jiya suka zama masu shafa kansa. Mutane suka riƙa zuwa da abinci. A 1934 aka kafa masa mutum-mutumi na tagulla a gaban tashar, shi kansa yana wurin ran da aka buɗe. Duniya ke nan! Shi dai kare bai san an buga shi a jarida ba. Abin da ya kawo shi jiya shi ne ya kawo shi yau.

Akwai masu gardama, ba zan ɓoye muku ba. Suna cewa ba ƙauna ba ce, kwaɗayi ne, gama a bakin tashar akwai masu gasa tsiren kaza da sukan jefa masa, har ma da aka buɗe cikinsa bayan ya mutu an sami tsinkayen tsire. Waɗansu kuma za su ce da mu sabo ne kawai, sabo kuwa turken wawa. Ni ban ƙi ba, kare yana jin yunwa, ya kuma ci abin da aka ba shi. Amma ina tambaya, shekarun nan bakwai na farko da ake korarsa fa, me ya hana shi neman wata ƙofa? Tokiyo ba ta rasa wuraren da kare zai sami ƙashi ba. Kowane maharbi da kowane makiyayi a cikinku ya san abin da nake faɗa. Karen da ka ciyar yakan ji tafiyarka tun kana nesa, ya fito da gudu yana kaɗa wutsiya, ko ka dawo da nama ko ka dawo hannu wofi. Bai taɓa tambayarka nawa ka samo a kasuwa ba.

'Yan'uwa, Allah da kansa ya taɓa ɗaukar dabbobin gida ya kunyata mutane da su. In ka buɗe Littafin Ishaya, sura ta 1 aya ta 3, za ka ga ya kawo sa da jaki gaban jama'arsa, yana ƙarar cewa dabbobin nan sun fi su gane mai kiwonsu. Ban san maganar da ta fi wannan zafi ba. Mu da aka ba mu hankali, sau nawa wanda ya riƙe mu muna ƙanana ya tsufa, muka daina taka ƙofarsa? Sau nawa matar da ta sha wahala tare da mijinta ta zama abin raini da zarar ya sami kuɗi? Sau nawa muka yi addu'a wata biyu, da ba mu ga amsa ba muka ce mun gaji? Haciko ya jira wanda yake kabari, wanda ba zai taɓa saukowa daga jirgi ba. Mu kuwa Ubangijin da muke jira ya tashi daga matattu, yana da rai, ya kuma yi alkawari zai komo. Duk da haka mu ne muke fara barin tasha.

Akwai kuma hakkin dabbar kanta. Karin Magana sura ta 12 aya ta 10 ta sa kula da ran dabba cikin halayen adali. Kai mai sauraro, in kana da kare a gida, yana gadinka dukan dare kana barci, ka tuna ka zuba masa ruwa a kasko lokacin zafi. Ka kai shi a yi masa allurar rigakafin haukan kare, domin lafiyarsa da ta 'ya'yanka. In ka ga yaranka suna jifan kare ko kyanwa don wasa, ka tsawata musu.

Mutum-mutumin Haciko na farko bai daɗe ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka narke shi domin ana bukatar ƙarfe. A 1948 ɗan wanda ya ƙera na farkon ya ƙera sabo, shi ne yake gaban tashar Shibuya har yanzu, mutane suna yin alkawarin saduwa a gindinsa. A maƙabartar Aoyama an kafa wa karen alama a gefen kabarin maigidansa. Sa'an nan a 2015, shekara 80 bayan mutuwar Haciko, Jami'ar Tokiyo ta kafa wani mutum-mutumin a sashenta na aikin gona. A wannan ba kare ne shi kaɗai a zaune ba. Malamin ne ya dawo, ya ajiye jakarsa a ƙasa, ya sunkuya, Haciko kuwa ya miƙe a kan ƙafafunsa na baya ya faɗa masa a jiki.