Iskoki, Kurwa da Makomar Mamaci a Addinin Maguzawa: Aikin da Muka Bar wa Baƙi

 

Wasu ɗalibanmu sun fara tsintar labarin Wicca a intanet suna cewa ai wannan shi ne Bori na Turawa. Wasu abokan aikina ma sun bi sahu, suna zuba komai a buhu ɗaya su rubuta masa "tsafi". Ban yarda da su ba, kuma na daɗe ina faɗa.

Wicca addini ne na jiya-jiya. Gerald Gardner ya fito da shi fili a Ingila a 1954, shekara uku bayan soke dokar hana maita a 1951. Mabiyansa suna bautar abin bauta mace da wani namiji mai ƙaho, da yawansu kuma suna cewa mamaci yakan huta a wata ƙasa mai ni'ima kafin a sake haifarsa. Ronald Hutton, masanin tarihi a Jami'ar Bristol, ya nuna a 1999 cewa iƙirarin gado daga zamanin dā ba shi da tushe. Duk da haka Turawa suna nazarinsa a jami'o'insu.

Bamaguje fa?  Abin da nake so mu tsaya a kai shi ne aikin Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya buga littafinsa a 1946. Ya tarar Bamaguje ya san Allah, yana rantsuwa da shi, ya yarda shi ya halicci komai, amma ba ya yi masa yanka. Yankan na iskoki ne: Inna, Kure, Gajimare, Uwar Gona da sauransu. Kowane iska da irin dabbar da yake so, har launin kaza ko akuya an san nasa. Mai gida ke yanka wa gidansa, kuma abin da yake nema a bayyane yake: damina mai albarka, rumbu cike, mace ta sauka lafiya, ciwo ya bar yaro. Ku auna wannan da kyau. Addini ne da hankalinsa ke kan gona da gida, babu macen da aka ɗora a kan kowa, babu mai ƙaho a gefenta. Wanda ya daidaita shi da Wicca, bai karanta ko ɗaya ba.

Batun lahira kuwa, Bamaguje bai gina masa dogon bayani ba. Damuwarsa kurwa ce, wadda maye ke iya kamawa mutum ya yi ta ramewa, da kuma fatalwa. Abin da ya ɗan kusanci dawowar mamaci shi ne ɗan wabi, yaron da ake jin yana mutuwa yana komowa cikin uwa ɗaya, shi ya sa ake raɗa masa Ajuji ko Ayashe don ya zauna. Wannan kukan uwa ce da ta gaji da binne jarirai.

Ana ce mini tono wannan farfaɗo da shirka ne. Ni Musulmi ne, kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sai da ya san al'adun nan sarai kafin ya yi wa'azi a kansu. Wannan ya wadatar.

Ga Dutsen Mesa da Dutsen Habuɗe nan kusa da mu a Birnin Kudu, da zanen shanu marasa tozo da duwatsu masu amo, waɗanda Bernard Fagg ya bayyana wa duniya a shekarun 1950. Shi ma baƙo ne, kamar Greenberg. 'Ya'yan ƙasar nan nawa suka ɗora a kan aikinsu?

Ina kira ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa su tura ɗaliban Hausa da na tarihi ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, su naɗi bayanin tsofaffi da bakinsu, a adana shi da Hausa. Iyayenmu dagatai, idan yaran nan sun iso, don Allah ku sauke su, ku haɗa su da dattawan da suka sani.