Man Fetur, Zafin Duniya da Ranar da Ke Kanmu



Kwamitin shirya wannan taro ya ɗora mini nauyin in yi magana a kan man fetur da kwal da gas, da yadda ƙona su yake ƙara wa duniya zafi, da kuma abin da zai iya maye gurbinsu. Minti ashirin aka ba ni, kuma na hango mai kula da lokaci shi ne wanda yake kaɗa mana ƙararrawa muna aji huɗu. Na san halinsa, saboda haka ba zan yi wasa ba.

Malamanmu na labarin ƙasa sun koya mana cewa kwal ragowar dazuzzuka ne da ƙasa ta binne tun miliyoyin shekaru, man fetur da gas kuwa galibi ragowar ƙananan halittun teku ne, waɗanda nauyin ƙasa da zafinta suka dafa. Watau ajiya ce da aka daɗe ana tarawa, mu kuma muka buɗe rumbun muna ɗiba ba ƙaƙƙautawa, yau shekara 200 da 'yan kai. A ƙasarmu an gano kwal a Udi kusa da Inugu a 1909, kuma da shi jiragen ƙasa suka yi ta jigilar gyaɗar Kano zuwa Ikko. An samu mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958.

To, ina matsalar take? Duk abin da aka ƙona daga cikin ukun nan yana fitar da iskar kabon. Hasken rana yana ratsa wannan iska ya iso ƙasa ba tare da wata tangarɗa ba, amma idan ƙasa ta ɗumama tana mayar da zafin sama, sai iskar ta tare wani kaso ta dawo mana da shi. Bargo ne Allah ya lulluɓa wa duniya, kuma rahama ce, domin ba don shi ba da matsakaicin zafin duniya ya yi ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. Abin da muke yi shi ne ƙara bargo a kan bargo. Kafin zamanin masana'antu, a cikin kowane kashi miliyan na iskar sama, wajen kashi 280 ne kabon. Da aka fara auna shi a dutsen Mauna Lowa na Hawayi a 1958, ya kai wajen 315. Yanzu ya haura 420. Kuma ba sabuwar magana ba ce: tun 1896 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya yi lissafin cewa ƙaruwar wannan iska za ta ɗumama duniya. Shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi, da wajen digiri ɗaya da rabi sama da na kafin masana'antu.

Na san wani zai ce, digiri ɗaya da rabi har wani abu ne ga wanda ya saba da bazarar Sakkwato ko Nguru? Ya tuna da jikinsa. Idan ma'aunin likita ya tashi daga 37 zuwa 38 da rabi, ai kwanciya ake yi.

Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi, amma zafi bai san iyakar ƙasa ba. A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, zafi ya haura digiri 48 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma masanan da suka bi diddigi sun ce ba don ɗumamar da ɗan Adam ya jawo ba, da bai kai haka ba. Har ila yau, iska mai ɗumi ta fi riƙe tururin ruwa, wajen kashi 7 cikin 100 ga kowane digiri, shi ya sa ruwan da ya kamata ya sauka cikin mako guda yakan zubo a dare ɗaya. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum sama da 600 a Nijeriya, kuma mun ga abin da ya sami Maiduguri a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Sai dai ina jan hankalinmu, kada mu riƙa jingina kowace masifa ga ɗumamar yanayi. Madatsar da ba a gyara ba, da magudanar da aka cushe da leda, da gidan da aka gina a kan hanyar ruwa, waɗannan namu ne. Haka nan gas ɗin da ake ƙonewa a banza a rijiyoyin mai na Neja Delta: dokar 1979 ta sa 1984 a matsayin wa'adin dainawa, amma har yau wutar tana ci.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna. A manyan tarurruka, irin na Faris a 2015 da na Gilasgo a 2021 inda Shugaba Buhari ya ɗauki alkawarin 2060 a madadin Nijeriya, maganar da ake yi ita ce a rabu da kwal da mai da gas. Amma makamashin yawancin gidajenmu ba ko ɗaya daga cikinsu ba ne. Itace ne da gawayi. Duk lokacin da kananzir da gas suka yi tsada, sai ka ga manyan motoci shaƙe da buhunan gawayi suna shigowa gari, kowane buhu kuwa bishiya ce ta faɗi, a ƙasar da hamada ke ƙwanƙwasa mata ƙofa. Hayaƙin murhu kuma a ƙirjin iyayenmu mata da goyonsu yake ƙarewa. Don haka ni a ganina, wanda ya ce wa matar ƙauye ta guji gas don ana haƙo shi daga ƙasa, bai san rayuwarta ba. A wurinmu tukunyar gas ci gaba ce a kan murhun duwatsu uku, kuma gas ɗin da ake ƙonewa a banza a kudu ya fi cancanta ya zo ƙarƙashin tukunyar tuwo.

Wajen wutar lantarki kuwa labarin daban ne. Muna da madatsun ruwa, Kainji tun 1968, Shiroro tun 1990, amma su ma da damina suka dogara. Iska an gwada ta a Lambar Rimi ta jihar Katsina, aikin megawat 10 da ya ci fiye da shekara goma, ba zan tsaya a kansa ba. Arzikinmu na gaske yana bisa kanmu. Tsakanin 2010 da 2020 farashin faifan sola ya faɗi da wajen kashi 90 cikin 100. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, manoman rani da yawa ba su jira wani ya yi musu lacca ba, suka ajiye injin fetur suka sayi famfon sola, domin lissafin aljihu ya nuna musu hanya. Ban ruwa da rana ake yi, ga ranar nan kyauta, ba a ma buƙatar batir.

Ba zan ɓoye muku aibinsa ba. Da dare babu rana, batir kuwa shi ne mafi tsada kuma shi ne ke fara mutuwa. Ƙurar hunturu tana rufe faifan ta rage masa ƙarfi, sai an riƙa gogewa. Ga jabun kaya a kasuwa, ga masu haɗawa da ba su koyi aikin ba. Fitilun titi na sola nawa muka gani sun mutu shekara ɗaya bayan an yanke kyalle? Ba a ware kuɗin gyara ba, ba a koya wa kowa ba.

Wannan ne ya kawo ni ga roƙona ga ƙungiya. Shugaban makaranta ya shaida mini cewa rijiyar burtsatse ta ɗalibai da janareta take aiki, ranar da babu man dizal yara su ɗauki bokiti su nufi gari, kicin kuma har yanzu da itace ake girki. Ina ba da shawarar ma'aji da injiniyoyin cikinmu su kawo mana ƙiyasin abu uku kafin zaman yamma: famfon sola da babban tanki a sama, don tankin ya zama shi ne ajiyar dare; murhu mai cin itace kaɗan ga masu dafa abinci, kafin a samu halin gas; da ɗan kuɗin da za a riƙa warewa duk shekara don gyara. Ina kuma roƙon malamin kimiyya ya zaɓi ɗalibai shida daga aji huɗu su tsaya tare da masu haɗawa tun daga ranar farko, su ne za su riƙa gogewa da duba wayoyi, su miƙa wa na bayansu idan za su fita.

Mai ƙararrawa ya miƙe tsaye.