Majigi da Faifan DVD a Gidan Kallo

Yau maganarmu da masu gidajen kallo ce a Sabon Garin Keffi. Faifan DVD na tsarin PAL layi 576 kaɗai yake ɗauke da shi. In na'urar DVD ta faɗaɗa hoton zuwa layi 1080, cike giɓi kawai take yi. Majigi kuwa yana da ma'auninsa na asali, kuma masu araha da yawa ba su wuce 720 ba, kome cika bakin kwali. Sai hoto ya sha gyara sau biyu, a faɗaɗa, a matse, fuskar jarumi ta dusashe. Malam, duba takardar majiginka, ka saita na'urar daidai da ita, ka haɗa da wayar HDMI.