Ƙaro: Gumin Kordofan a Kwalbar Lemon Amurka



An nemi in yi magana kan yadda ɗanyen kayan wata ƙasa ke riƙe da kayan masarufin wata. Na zaɓi ƙaro domin babu wanda bai san shi ba a zauren nan. Da shi almajiri ke haɗa tawada ta kama allo, da shi mai wanki ke sa hula ta tsaya. Sai dai yawancin ƙaron duniya ba a Afirka ake amfani da shi ba.

Sudan ce uwa a wannan harka, domin kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023 ita ke samar da kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙaron duniya. Cadi da Najeriya na biye da ita. Mafi darajarsa daga itacen dakwara yake fitowa. Idan damina ta ɗauke, ganye ya soma zuba, sai manomin Kordofan ko Darfur ya shiga cikin ƙaya ya ɓare bawon reshe. Bayan makonni ya dawo ya tsinci ƙaron da ya daskare, ɗaya bayan ɗaya, da hannu. Itace guda bai cika ba da rabin kilo a shekara ba. Daga nan buhunan su nufi kasuwar El Obeid, su wuce Port Sudan, su hau jirgin ruwa.

Me Turawa ke yi da shi? Man ɓawon lemo ba ya haɗuwa da ruwa, ƙaro ne ke riƙe su tare, kada ɗanɗanon ya taso saman kwalba. Shi ya sa kamfanoni irin su Coca-Cola da Pepsi ke buƙatarsa. Yana cikin alewa, da rufin ƙwayar magani, da fentin masu zane, da gam ɗin bayan kan sarki. Duk inda kuka ga E414 a jikin kwali, ƙaro ne.

Wannan buƙata tsohuwa ce. A ƙarni na 18 Faransa da Ingila sun yi ta gwabzawa kan ƙaron kogin Sanagal saboda masaƙunsu na buga zane a jikin yadi, har Ingila ta ƙwace garin Saint-Louis a 1758. A 1997, lokacin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi, sai ta bar ƙofa a buɗe ga ƙaro, domin masana'antunta ba su da madadinsa. A 2007 jakadan Sudan a Washinton ya ɗaga kwalbar Coca-Cola gaban 'yan jarida, yana barazanar tsayar da fitar da shi.

To, tun da duniya ba ta iya rabuwa da ƙaro, me ya sa mai tsintarsa ke cikin talauci? Dalili na farko, yakan ci bashi wurin ɗan kasuwar ƙauye tun kafin kaka, ya biya da ƙaro a kan farashin da mai bashi ya yanka. Na biyu, daga 1969 zuwa 2009 kamfani guda ne ke da ikon fitar da ɗanyen ƙaro daga Sudan, don haka babu mai taya wa manomi sama da farashin kamfanin. Na uku shi ne mafi nauyi. Mai masana'antar lemo gari yake so, tsaftatacce, wanda ingancinsa na bana daidai yake da na bara. Narkar da ƙaro, tace shi, kashe ƙwayoyin cuta, busar da shi ya zama gari, yawanci a Turai ake yi, musamman a Faransa, inda kamfanonin Nexira da Alland & Robert suke. Ƙasar da dakwara ba ta tsiro a cikinta ita ce kan gaba wajen sayar da sarrafaffen ƙaro. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 ya ƙara dagula lamarin. Hanyoyin Kordofan sun toshe, manoma sun yi gudun hijira, ƙaro ya koma bin hanyar fasa-ƙwauri ta maƙwabtan ƙasashe. Masu saye sun soma waiwayar Cadi da Najeriya. Dakwara na tsiro a Borno, da Yobe, da Jigawa, da yankin Diffa a Nijar, kuma itace ne mai jure fari, mai gyara ƙasa, mai tare hamada.

Ba na fatan mu ci riba da masifar 'yan uwanmu, Allah Ya kawo musu zaman lafiya. Ina jin tsoro ne kada mu maimaita tarihinsu, mu loda ɗanye a buhu mu tsaya nan. Don haka ina kira ga gwamnatocin jihohin nan su ba ƙungiyoyin masu tsinta rance kafin kaka, don su daina sayarwa a wulaƙance. Jami'o'inmu su buɗe ɗakunan gwaji da za su tantance inganci, su hana gauraya ƙaron dakwara da na wasu itatuwa. Attajiranmu kuma su zuba jari a injinan tacewa da busarwa a Kano ko Maiduguri. Ranar da garin ƙaro ya bar tashar Legas da tambarin masana'antarmu, ranar ce za mu iya zama a yi ciniki da mu, mu ce albarka idan tayin bai yi ba.