Jawabi ga Direbobi da Masu Walda a kan Yanke Rufin Mota

Mai Unguwa, shugabannin direbobi, da masu walda na unguwar Turaki a nan Jalingo.

Abin da ya kawo ni shi ne maganar yanke rufin ƙaramar mota, a mai da shi murfi wanda za a ɗaga a ajiye in an ga dama. Wani don shan iska yake yi, wani don ɗan siyasa ya miƙe ya ɗaga wa jama'a hannu, wani kuwa don ya ƙara lodin doya.

To jama'a, rufin mota ba laima ba ne. Galibin ƙananan motoci ba su da shasi dabam, har da Peugeot 504 wadda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. Ƙasan motar da ginshiƙanta da rufinta duk a haɗe suke, suna riƙe da juna kamar gwangwanin da ba a fasa ba. Kowa ya sani, da zarar an yanke bakin gwangwani, ko yaro ya matsa shi sai ya lotse. Haka motar za ta riƙa murɗewa a cikin ramuka, ƙofofi su ƙi rufuwa, gilashin gaba ya tsage. In damina ta sauka kuma, ruwa ya bi wurin yankan, tsatsa ta kama.

Wannan duk hasarar dukiya ce. Babbar maganar ita ce ranar da mota ta kife, Allah Ya kiyaye. Ginshiƙan nan da rufin su ne ke hana ƙarfe danne kawunan fasinja, kuma a jikin ginshiƙin tsakiya ake ɗaure bel ɗin kujera.

Na san wani zai ce, ai Turawa ma suna yi. Gaskiya ne. Amma da kamfanin Porsche na Jamus ya fito da samfurin Targa a 1965, sai da ya kafa baka na ƙarfe mai kauri a bayan kan direba tukuna. Injiniyoyi ne suka auna, suka gwada. Walda a gindin bishiya ba ta kai nan ba, kome gwanintar mai ita.

Saboda haka wanda ya nace, kada ya taɓa ginshiƙi ko ƙarfen da ya gitta rufin. Kafin a sa wuta, ya nemi shawarar jami'an duba lafiyar motoci ko Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, ya kuma sanar da kamfanin inshorarsa, don a san irin motar da aka ɗauki lamuninta.

Wassalamu alaikum.