Murjani da Baƙinsa: Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Ilimin Ƙananan Halittu a Abuja



    

Da na ce a kan murjani zan yi magana, wani abokina dariya ya yi. Ya ce, "Malam, a Abuja? Mu da ruwanmu bai wuce tafkin Jabi da madatsar Usuma ba?" Yana da gaskiya. Ko gaɓar tekunmu mai tsawon kilomita 853 ba ta da tsaunukan murjani, don lakar da kogin Neja ke kwarara mata ba ta barin haske ya ratsa ruwa. Amma Bahaushe ya san murjani tun bai san teku ba. Ayarin raƙuma ne ke kawo shi Kano daga Tarabulus ta Gadamas, ya shiga kayan amarya. An ambace shi tare da lu'ulu'u a Suratur Rahman. Kakata tana da ɗauri guda da take ɓoyewa a ƙasan adaka, kuma har ta koma ga Allah dutse ta ɗauke shi.

Ashe ƙashin dabba ne. Jan murjanin kakannin namu na Bahar Rum ne. 'Yan'uwansa na tekuna masu ɗumi su ne maginan tsaunukan da ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku a nan suke fakewa. Kowane ɗaya ɗan mitsitsi ne, baki guda da 'yan yatsu kewaye da shi, yana zaune cikin ƙoƙon alli da ya gina wa kansa.

Zamansa ya fi kama da na mai gida a zango. Yana saukar da baƙi a cikin tsokar jikinsa, wata gansakuka mai ƙwaya ɗaya da ba a gani sai da madubi. Shi ya ba ta ɗaki da taki, ita ta shanya kanta a hasken rana ta haɗa sukari ta miƙa masa la'ada. La'adar nan kan kai kashi 90 cikin ɗari na abincinsa, kuma launinsa ma na baƙin ne. Ban da su akwai ɗimbin bakteriya a cikin majinar da ta lulluɓe shi, wasu na sarrafa masa taki, wasu na gadin ƙofa.

Digiri ɗaya kacal a kan zafin da aka saba a watan da ya fi zafi, in ya ɗauki makonni, ya isa ya rushe gidan nan. An daɗe ana bayanin cewa zafi da tsananin haske na sa gansakukar ta riƙa fitar da guba, mai gida ya kore ta. A 2021 Nils Rädecker da abokan aikinsa, bayan nazarin wani murjanin Bahar Maliya, suka nuna cewa rikicin ya riga korar farawa. Ku saurara da kyau, don nan ne gishirin zancen. A lokacin lafiya mai gida awon takin yake yi wa baƙuwa, ba ya sakar mata, saboda haka ba ta iya hayayyafa da yawa, rarar sukarinta sai ta koma gare shi. Da zafi ya tsananta, yunwarsa ta ƙaru, sai ya shiga ƙona naman jikinsa, ƙonawar kuma ta saki taki birjik. Baƙuwa ta samu abin da take nema, ta riƙe sukarinta, ta hau hayayyafa. Mai gida na ramewa alhali gida cike da baƙi. Sai daga baya a rabu, allin da ke ƙasa ya bayyana fari fat. Wannan koɗewar ita ake ɗaukar hoto a nuna a talabijin, amma amanar ta daɗe da lalacewa kafin ido ya gani.

Su ma bakteriyar ba sa zama yadda suke. Dangin Endozoicomonas, waɗanda aka fi samu a jikin lafiyayyen murjani, sukan ragu, dangin Vibrio su yi yawa. Kun san gidan Vibrio, daga nan ƙwayar kwalara ta fito. Akwai ɗaya a cikinsu da ke zaune lami lafiya a ruwa mai sanyi, amma da zafi ya haura digiri 27 sai ta hau narkar da tsokar murjani.

Sau huɗu ke nan koɗewar na game duniya: 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, sai wadda hukumar NOAA ta Amurka ta sanar a watan Afrilun 2024, wadda zafinta ya taɓa kusan kashi 84 cikin ɗari na tsaunukan murjani. A 2016 kaɗai Ostireliya ta yi asarar kimanin kashi 30 cikin ɗari na murjanin da ke ruwa marar zurfi a babban tsauninta. Jan murjaninmu ba ya saukar da gansakuka, don haka ba ya koɗewa irin wannan, amma zafin 1999 da na 2003 sun kashe shi da yawa a gaɓar Faransa da Italiya.

Sai dai murjani bai naɗe hannu ba. A 1996 Ariel Kushmaro da Eugene Rosenberg na Jami'ar Tel Aviv suka nuna cewa wata Vibrio ce ke koɗar da wani murjanin gabashin Bahar Rum duk bazara. Bayan 'yan shekaru aka sake zuba masa ƙwayar, ta kasa kama shi. Suka ce ya sauya masu gadinsa ne, kuma har yau ana muhawara a kan wannan fassara. A tsibirin Ofu na tekun Pasifik an ɗauki murjani daga kududdufi mai sanyi aka kai mai zafi, bayan wata 17 aka tarar bakteriyarsa ta koma irin ta 'yan unguwar. Wani kuma gansakukar yake musanyawa da mai jure zafi, ya samu ƙarin juriyar digiri ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ya biya da jinkirin girma.

Alhazanmu da ke sauka Jidda, arewa da ku kaɗan, a garin Suwal, akwai jami'ar KAUST. A can Farfesa Raquel Peixoto, 'yar Barazil, take gwada ba wa murjani bakteriya masu amfani, kamar yadda uwa ke ba mai lalacewar ciki kindirmo. A gwajin da ita da abokan aikinta suka buga a 2021, duk murjanin da aka ba haɗin ya rayu bayan zafi, wanda ba a ba ba kuwa kashi 40 cikin ɗari ya mutu. Aiki ne mai kyau, amma a tankin gwaji aka yi shi. Ni dai ban ga ƙwaryar da za ta dama wa teku kindirmo ba, muddin hayaƙin da ke ɗumama duniya bai ragu ba.

To ina ruwan ɗan Abuja? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ku je gonar wake a Kwali ko Abaji ku tuge tushe ɗaya. Ƙurajen nan da ke jikin saiwa, in kun fasa kun ga ja-ja a ciki, masaukin bakteriya ne, suna zuƙo taki daga iska suna biyan haya. Tumbin saniyar Bafulatani haka yake, tukunyar daddawa haka take. Duk zaman amana ne irin na murjani, kuma zafi na tafe: a Afrilun 2024 ma'auni ya nuna digiri 48.5 a garin Kayes na Mali.

Masu nazarin murjani sun iya faɗin abin da ya sauya ne saboda wani ya riga ya ɗebi samfuri tun ana lafiya, ya rubuta rana da wuri da zafin ruwa. Aikin da nake roƙonku ke nan, kuma na san ba shi da farin jini. Ku ɗebi ƙasar gonakin Gwagwalada, da ruwan Usuma, da na tafkin Chadi, ku tantance mazauna ciki, ku adana a firjin da ba ya mutuwa in an ɗauke wuta. Ranka ya daɗe Shugaban Jami'a, maganar firjin nan da kai nake. Tun 2023 kuma ƙasar nan ke da ma'aikatar harkokin teku a nan Abuja. Wanda ya samu kansa a can cikinku, ya tuna cewa teku ba tashar jiragen ruwa ba ce kawai.

 Malam Magatakarda, na cinye maka lokaci, ga yaranka nan, a fara kiran suna.